Shaidun Baba Idi

Ɗakin da aka yi mini alkawari a wannan gari na arewacin Ingila, a hoto yana da babbar taga mai kallon lambu. Da na iso da akwatunana, sai mai gidan ya haura da ni bene hawa uku, ya tura wata ƙofa ya ce ga shi. Tagar ba ta fi faranti ba, kuma a rufin ɗakin take, sai mutum ya hau gado zai leƙa. A ƙasa kuwa shagon suyar kifi ne. Na ciro waya na nuna masa hoton, ya ɗaga kafaɗa ya ce wancan an riga ni. Na zazzage masa duk Turancin da ke kaina, da ya ƙare na koma Hausa na ce Allah ya isa. Ya yi murmushi ya miƙo mini makulli. A ɗakin nan na zauna har na gama, kuma ko yau in na ji ƙarnin kifi sai raina ya ɓaci.

Sunana Rabi, 'yar Gwarzo ce ni. Na daɗe ina koyar da tarihi a makarantar 'yan mata kafin in samu gurbin karatun digirin digirgir, na bar 'ya'ya uku a hannun babansu, Malam Sani, da mahaifiyata. Ana cewa ina da zafin kai. Ni dai abin da na sani shi ne ba na ɗaukar raini, kuma ba na iya yin shiru in an yi shi a gabana. Bincikena a kan tarihin masu cutar kuturta ne a yammacin Kano. Abin da likitoci suka yi musu an rubuta shi har ya ishi kowa. Ni abin da su majinyatan suka yi wa kansu nake nema.

Malamar da ke duba aikina Farfesa Helen ce, wata doguwar mata mai furfura da ke zuwa ofis a keke ko ana ruwa. Ranar da ta fara ganina ina karkarwa cikin atamfa da 'yar rigar sanyin da na sayo a Kano. Washegari na tarar da ƙatuwar kwat ta marigayin mijinta a rataye a bayan kujerata. Har ƙauri ta kai mini, na zama kamar mai gadin kasuwa, amma na sa abata. Sanyin ma da sauƙi a kan kewar gida. Autata Ummi ta yi wata biyu tana ƙin karɓar wayata, sai in ji muryarta daga nesa tana cewa a ce ba ta nan. Wannan ya ci mini rai fiye da komai.

Shekarar farko a ɗakin adana tsofaffin takardu na ƙare ta. Akwatuna ne jibge na rahotannin likitocin da suka yi aiki a ƙasarmu zamanin Turawa, da hotunan marasa lafiya. Mata da maza, wasu an tuɓe su, kowa riƙe da allo mai lamba a ƙirji, babu suna. Na duba har idona ya gaji, ban ga inda ɗayansu ya buɗe baki ya faɗi kalma ɗaya ba. Wata rana na rufe akwati da ƙarfi har mai tsaron ɗakin ya zo ya ja mini kunne. Da na kai wa Helen ƙorafi, sai ta ce, "To ai ba a cikin akwati za ki ji su ba, Rabi. Ki je gida ki tambayi waɗanda suka rage."

Kafin a bar ɗalibi ya yi hira da mutane, akwai kwamitin jami'a da ke duba yadda zai nemi yardarsu, don kada a cuci mai rauni. Ni da hannuna na cike musu fom ɗin. Na rubuta cewa duk wanda zan yi hira da shi zai sa hannu a takardar yarda, wanda bai iya rubutu ba ya dangwala yatsa, kuma ba zan kunna rikoda ba sai an yi haka. Suka amince, na ji daɗi, har na sayi 'yar tawadar dangwale mai murfi na jefa a jaka. A tuna fa, mai binciken kuturta ce ta rubuta wannan.

Da damina na isa Durun, wani ƙauye kusa da Kabo, gero ya fara fitar da kai. A can aka kwatanta mini gidan Baba Idi, wani tsoho mai kiwon tumaki da aka ce in dai zancen asibitin da ne, shi ne littafinsa. Ya warke tun da daɗewa, amma ciwon ya riga ya tafi da yatsunsa duka goma. Na tarar da shi a zaure yana shan koko, ya tallabe kofin da dungulmin hannayensa biyu. Na gani da idona, sai dai takardar da ke jakata ta fi idona ƙarfi. Bayan mun gaisa, an tambayi gajiya da mutan gida da ruwan bana, na buɗe tawada na tura gabansa.

Na ce, "Baba, dokar makarantarmu ce, sai ka dangwala a nan kafin mu fara."

Ya dubi tawadar, ya dube ni, sannan ya ajiye kofi ya miƙo hannayen nan biyu gabana. Ya ce, "To Malama, zaɓi wanda ya yi miki."

Matarsa, Inna Hansai, wadda ita ma ta yi jinyar tare da shi, tana tsaye a bakin ƙofar shiga gida. Ta yi dariya har da riƙe bango, ta ce, "Ke kuwa 'yar nan, duk karatun naki?" Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Baba Idi bai bar ni cikin kunyar ba. Ya ce, "Rufe abin nan. Mu nan ko gona aka sayar ko aure aka ɗaura, ba tawada ke riƙe magana ba, mutane ne. Hansai, leƙa ki ce da liman da mai unguwa ina nemansu."

Suka zo. Na karanta takardar da Hausa daga farko har ƙarshe, har da inda ta ce yana iya ƙin magana, yana iya sa a ɓoye sunansa. Ya ce, "Na yarda. A rubuta, a kuma sa sunana, Idi na Durun, kada a ɓoye." Sau uku ya faɗa. Liman ya ce sun shaida, aka shafa Fatiha, aka raba goro. Duk wannan rikodata a kashe take cikin jaka, don doka ta ce kada a kunna sai an yarda. Ni da nake taƙama da taurin kai, ranar na bi doka sau da ƙafa.

Kwana tara na yi ina zuwa zauren nan. Ya ba ni labarin lokacin da malamin asibiti ke zuwa ranar kasuwa raba maganin kuturta a gindin tsamiya. Mutumin ƙyamarsu yake yi. Sai ya jera su a layi, ya tsaya nesa, ya ce kowa ya buɗe baki, ya riƙa jefa musu ƙwaya kamar mai watsa wa kaji tsaba. Wadda ta faɗi ƙasa, mai ita ya durƙusa ya ɗauka yadda zai iya. Wata rana da aka zo kan Idi, sai ya rufe bakinsa. Na bayansa ya rufe, na bayan wancan ma haka, har ƙarshen layi. Mako bayan mako suna zuwa su tsaya baki a rufe, alhali sun san ciwon ba ya jira, wasu ma a lokacin suka rasa abin da ya rage musu na yatsu. Sai da babban jami'i ya zo daga birni ya sa aka kawo benci da kofin ruwa, aka riƙa ba kowa maganinsa yana zaune kamar mutum. Babu rahoton da ya ambaci wannan. A kansa na gina babi mafi girma a kundina.

Na koma Ingila. Ana tsakiyar sanyi, ina tsaye a tashar bas da hantsi, Malam Sani ya kira ya ce Allah ya yi wa Baba Idi rasuwa. Na yi kuka a nan inda nake, mutane suna ratse ni kamar ba su gan ni ba. Ban gama jimami ba sai ga wasiƙar kwamiti. Sun bi takardun ɗalibai kamar yadda suka saba, sun ga sauran tsofaffin da na yi hira da su kowa ya dangwala da yatsan da ya rage masa, ban da mutum ɗaya. Tunda babu shaidar yardarsa a rubuce, kuma ba za a iya komawa gare shi ba, wai in goge muryarsa, in yage abin da na kwafa, in cire shi daga kundin cikin wata guda.

Akwai wani ɗan ƙasarmu, Kabiru, da ke karatun haɗa magunguna, muna haɗuwa a masallacin Juma'a. Da na gaya masa, sai ya yi dariya ya ce, "Hajiya, ke ma dai da neman wahala. Tawadar tana nan? Dangwala naki kawai, ki ce takardar ce ta maƙale a jaka. Wa zai tono kabari ya gwada?"

Ba zan yi ƙarya ba, na koma ɗaki na ciro tawadar na buɗe ta a kan tebur. Na daɗe ina kallonta. Abin da ya tsayar da ni ba tsoron kamu ba ne. Na ga cewa in na yi, na ƙirƙira wa Baba Idi babban yatsa ke nan don in faranta wa mutanen da ba su taɓa tunanin akwai mai yarda marar yatsa ba. Mutumin da ya zaɓi ciwo a kan wulaƙanci, ni kuma in lallaɓa in shigar da shi ta bayan gida. Na rufe ta na jefa a kwandon shara.

Helen ta kawo tata dabarar, kuma don tana sona ta kawo. Ta ce in yi amfani da abin da na ji a matsayin shimfiɗa kawai, ba suna, ba maganarsa kai tsaye, kwamiti zai kau da kai.

Na ce, "Wato in mayar da shi kamar na cikin akwatunan can, in rataya masa lamba."

Ta cire tabarau ta ce, "Ki saurare ni, Rabi. In kika ɗaukaka ƙara, abin zai iya jan lokaci, izinin zamanki kuwa ya kusa ƙarewa. In suka ƙi, za ki koma gida babu digiri."

Na ce, "Da can ma babu digiri na zo."

A gabanta na yi ta maza, amma ina fita na kira Malam Sani na zayyana masa komai. Ya ce, "Rabi, shekara uku yaran nan suna jiranki. Kin tabbata?" Na ce na tabbata. Ya ce, "To me kike so in yi?" Na ce in lokaci ya yi, ya ɗauko liman da mai unguwa daga Durun ya kai su Kabo, inda sabis ɗin waya ya fi ƙarfi.

Shugaban kwamitin wani likita ne mai sanƙo, mai magana a hankali, kuma ba zan ce mugu ba ne. Da na je ofishinsa, ya ce takardar nan don kare masu rauni aka yi ta. Na ce na sani, amma a wannan karon bakin mai raunin take neman toshewa. Na ce kuskuren nawa ne, ni na rubuta dangwale, a hukunta ni, amma yarda an yi ta a gaban mutum biyu masu rai, ya tambaye su. Ya juya biro a hannunsa ya fi a ƙirga, sannan ya amince a ji shaidun ta bidiyo, da sharaɗi biyu. Su za su kawo tafinta wanda bai san ni ba, ni kuma ba zan ce uffan ba har a tashi. Sharaɗi na biyu ya fi yi mini nauyi.

Ranar zaman, mutum biyar ne a kan dogon tebur, cikinsu har da wata tsohuwar nas da ta yi ritaya, wadda aka ce tana wakiltar jama'ar gari. Helen tana gefena. Tafintan da suka samo wani dattijo ne, Alhaji Mamman, Bahaushen zangon Kumasi da ke yi wa asibitoci fassara. Aka kunna allon bango, sai ga barandar wani shago a Kabo, rana tar, ga liman da mai unguwa a kan benci. A ƙarshen bencin kuwa Inna Hansai ce zaune cikin mayafin takaba da ba ta daɗe da fita ba. Ba wanda ya gayyace ta. Daga baya Malam Sani ya ce mini tun kafin ya tayar da mota ya same ta a ciki.

Liman ya fara gaisuwa. Ya tambayi shugaban kwamiti kwanan iyali, da gajiya, da aiki, da sanyin ƙasarsu, Alhaji Mamman kuma yana juya kowace ɗaya ba ya tsallakewa. Bawan Allah ya amsa ta farko da ta biyu, ta huɗu ya fara duba agogo. Sannan liman ya ba da shaida tiryan-tiryan: ranar da aka yi, abin da aka karanta, abin da marigayi ya faɗa har sau uku. Mai unguwa ya ce haka aka yi, yana wurin.

Shugaban ya tambaya ko marigayin ya fahimci cewa yana da ikon ya ƙi. Da aka fassara, liman ya dubi mai unguwa, ya ce, "Idi? Ranka ya daɗe, mutumin da ya ƙi buɗe wa malamin asibiti baki yana tsakiyar ciwo, shi ne zai kasa ce wa malamar makaranta a'a? Ai ko ni da nake limaminsa, in ya ce a'a sai dai in yi haƙuri."

Shugaban ya rubuta wani abu, ya yi godiya, ya ce kwamiti zai duba ya sanar. Ya kai hannu zai kashe allo, sai Inna Hansai ta matso har fuskarta ta cika shi.

Ta ce, "Alhaji mai fassara, ka ce da shi ban gama ba. Mu mun kawo shaidunmu biyu, shi ina nasa? Muryar mijina tana hannunsu. Jiya sun ce za su goge, yau sun ce za su duba. Gobe in wani ya hau kujerarsa ya ce a goge fa, wa zan kama? Ni ban san shi ba, ban san ubansa ba. Ya kawo mutum biyu su tsaya masa a kan ba za a taɓa ta ba. In babu, a dawo mini da ita in ajiye a ɗakina."

Alhaji Mamman ya waiwayo ya dube ni. Na san abin da idonsa ke tambaya, ko ya sassauta. Na dafe bakina da hannu na kalli tebur. Sai na ji ya gyara murya ya juya maganar duka, bai rage komai ba, har da zancen uban.

Kunnuwan shugaban suka yi ja. Ya ce a gaya mata kwamiti ba haka yake aiki ba, ba shi da ikon yin alkawari kafin a yanke hukunci. Aka gaya mata. Ta ce, "To ina jira," ta gyara zama. Ana jiyo ƙarar babura daga Kabo.

Helen ce ta fara ɗaga hannu. Ta ce, "A gaya mata ni na tsaya. Muddin ina wannan jami'a, ba za a goge muryar nan ina kallo ba." Alhaji ya fassara. Inna ta ce, "Ɗaya ke nan."

Tsohuwar nas ɗin nan ta ajiye bironta. Ta ce ta yi shekaru tana miƙa wa marasa lafiya takarda su sa hannu ba tare da sun san abin da ke ciki ba, kuma ba ta taɓa ganin yarda mai tsabta kamar wannan ba. Ta ce a rubuta sunanta na biyu.

Liman bai jira izinin kowa ba. Ya ce, "To, mun shaida. Fatiha." Hannaye suka tashi a barandar Kabo, ni da Alhaji Mamman muka ɗaga namu a wannan ɗaki mai sanyi. Hawaye suna zuba mini, ban share ba. Shugaban kwamiti bai san abin da ake yi ba, amma ya sunkuyar da kai har aka shafa.

Wasiƙarsu ba ta zo ba sai da ya rage mini 'yan kwanaki izinin zamana ya ƙare, na riga na fara ɗaure kaya. Sun amince babin ya tsaya da sunan Idi na Durun a jikinsa. Ni kuma an rubuta mini gargaɗi a fayil saboda saɓa tsarin da na kawo da kaina, kuma na karɓa, don na cancance shi. Na sa Malam Sani ya je Durun da waya don in yi wa Inna Hansai albishir da bakina. Ta saurare ni har na gama karanta mata.

Ta ce, "Wane albishir kuma, 'yar nan? Ai an gama maganar nan tun ranar da aka shafa Fatiha. Su ne dai suka makara."